Yadda ake riƙon tsohuwar bindigar .22 mai ɗura kanta a danshin Kumasi

Ƙaramar bindigar nan mai cin harsashin .22 (lambar tana nuna faɗin harsashin a ma'aunin inci), wadda ake harbin gwangwani da allon takarda da ita don nishaɗi da koyon saiti, tana iya kai shekara saba'in tana aiki idan ta samu mai riƙon ta da kyau. Harbi ba ya cinye ta da wuri, domin harsashinta dalma ce mai laushi kuma albarushinsa kaɗan ne. Abin da ya fi lalata ta a gari irin Kumasi shi ne danshi, sai kuma hannun mai ita idan ya cika mata mai, ko ya goge ta ta hanyar da ba ta dace ba.

Kafin a taɓa batun mai da tsumma, sai an gama da batun takarda. A Ghana dokar makamai da harsasai ta 1972 ta wajabta yi wa kowace bindiga rajista a wurin 'yan sanda, babban ofishin rajistar yana Accra, kuma lasisin ana sabunta shi ne kowace shekara. Lasisi yana ɗauke da sunan mutum ɗaya da lambar bindiga ɗaya, saboda haka wanda ya tarar da bindigar mahaifinsa ko ta kakansa a cikin kayan gado, a unguwar Aboabo yake ko a Asawase, takardar marigayin ba ta rufe shi ba. Ya fara zuwa sashen makamai na 'yan sanda ya bayyana ta, ya nemi a mayar da ita sunansa, ya kuma tambayi sharuɗɗan da ake bi a lokacin. Haka ma mai saye, kada kuɗi ya fita daga hannunsa sai ya ga lambar da ke jikin ƙarfen ta yi daidai da wadda ke kan takarda.

Daga nan sai mutum ya san irin bindigar da ke hannunsa, domin kowace da halinta. Browning SA-22, wadda kamfanin FN na ƙasar Beljiyam ya fara ƙerawa a 1914, ana ɗura mata harsashi ta cikin ƙota, tana zubar da kwanso ta ƙasa, kuma bututunta yana cirewa daga jiki. Remington Nylon 66 ta fito a 1959 da ƙotar roba mai ƙarfi, an kuma tsara ta yadda ba ta bukatar mai sosai. Marlin 60 ta 1960 tana da dogon gidan harsashi a ƙarƙashin bututu, yayin da Ruger 10/22 ta 1964 take da ƙaramin gida mai juyawa da ke ɗaukar harsashi 10. Dukkansu hanyar aikinsu ɗaya ce: ƙarfin fashewar albarushi yana tura kwanso baya, kwanson ya tura sakata, wato ƙarfen da ke rufe bayan bututu, sifirin ya dawo da ita, tana dawowa ta ɗauko sabon harsashi. Wannan ne ya sa suke saurin datti, domin duk lokacin da sakata ta buɗe, hayaƙi da ragowar albarushi da kakin da ke jikin dalma suna komawa cikin jikin bindigar su zauna.

Duk wani aiki a kanta yana farawa ne da tabbatar da cewa babu harsashi a ciki, bakinta yana fuskantar inda babu mutum, yatsa kuma yana nesa da kunama. Cire gidan harsashi bai wadatar ba, sai an ja sakata baya an leƙa mazaunin harsashi da ido a wuri mai haske. Masu dogon gida na ƙarƙashin bututu sun fi bukatar lura, saboda idan gidan ya ɗan lotsa ko sifirinsa ya gaji, harsashi ɗaya yana iya maƙalewa a ciki ya fito daga baya, lokacin da mutum ya sakankance cewa ya zazzage komai. A ja sakata sau da yawa, a kuma fitar da harsasai daga ɗakin gaba ɗaya kafin a fara gogewa.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mai tsohuwar .22 ya raba kansa da ita, wato danna kunama alhali babu komai a ciki. Abin da ke tayar da wutar wannan harsashi yana cikin bakin gindin kwanso ne, a gefe, saboda haka allurar bugu tana sauka ne daidai gefen mazaunin harsashi. Idan babu kwanso mai laushi da zai tare ta, a yawancin tsofaffin bindigogi ƙarfe ne zai bugi ƙarfe, a hankali gefen mazaunin ya lanƙwasa, kwanso ya fara maƙalewa, allurar ma tana iya karyewa. Wanda zai sayi tsohuwa ya duba wannan wuri da kyau, domin ɗan tabon da ke can yana gaya masa yadda aka riƙe ta.

Wajen gogewa, jikin bindigar ya fi bututu bukatar hannu. A sami tsohon burushin goge baki, da tsinken itace, da tsumma mai tsabta, da ruwan wanke bindiga ko ɗan kananzir idan babu shi, a cire dattin da ya daskare a fuskar sakata, da ƙarƙashin ƙugiyar da ke zaro kwanso, da gangaren da harsashi ke hawa ya shiga mazauninsa. Galibin abin da mutane ke kira lalacewa, kamar ƙin ɗaukar harsashi ko barin kwanso a hanya, daga waɗannan wurare yake fitowa. Kada a kankare da ƙusa ko wuƙa, musamman da yake jikin Marlin 60 da na Ruger 10/22 na alminiyam ne. Bayan an bushe komai sarai, a ɗiga mai kaɗan a inda sakata ke gogar jiki, a shafe da tsumma har ya zama sheƙi kawai ake gani. Mai idan ya yi yawa yana haɗuwa da ragowar albarushi ya zama baƙin taɓo, a hunturu kuma ya kama ƙura, sakata ta yi nauyi. Man ja da man gyaɗa da man kaɗe ba su da wuri a nan, domin suna daskarewa su yi danƙo. Nylon 66 kuwa, shawarata ita ce a goge abin da hannu ya kai a bar sauran, saboda ƙananan sifirin ɗinta suna da wuyar mayarwa ga wanda bai saba ba.

Bututu ba ya son yawan goga. A cikinsa akwai tsagogi masu murɗewa da ke juya harsashi, kuma daidaiton saiti ya dogara ne ƙwarai a kan lafiyar bakin bututun, inda harsashi ke rabuwa da ƙarfe. Sandar ƙarfe da ake cusawa ta baki tana cin wannan wuri a hankali har bindiga ta fara watsa harbi. Hanyar da ta fi ita ce a bi da igiyar gogewa daga mazaunin harsashi zuwa baki, a ja tsumma mai ɗan ruwan wanki, sannan busasshe, sannan mai ɗan mai. Kafin harbi na gaba a sake bi da busasshen tsumma.

Danshi shi ne babban aikin mazaunin Kumasi. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Oktoba, iska tana cike da laima, kuma tabon yatsa mai gumi da aka bari a kan bututu yana iya zama tsatsa cikin 'yan kwanaki. Duk lokacin da aka taɓa ƙarfen a shafe shi da tsumma mai ɗan mai, a damina kuma a fito da ita a duba kowane mako ko da ba a harba ba. Jakar fata da akwati mai soso suna riƙe ruwa, saboda haka na tafiya ne kawai. Wurin ajiya ya zama akwati ko kabad mai kulle, nesa da bango mai sanyi da ƙasan siminti, a sa ƙullin nan masu tsotse danshi irin waɗanda ke zuwa a kwalin takalmi, harsasai kuma a kulle su a wani wuri dabam. A gidajen zango inda ɗakuna ke haɗe kuma yara ke shiga ko'ina, mabuɗin ya zauna a jikin mai lasisi. Idan tsatsa mai sauƙi ta fito, a jiƙa ta da mai a goge a hankali da soson ƙarfe mafi laushi. Kada a yi amfani da sanfefa, domin tana cire baƙin launin ƙarfen na asali, wanda shi ne kariyarsa kuma shi ne darajar tsohuwar bindiga. Ƙotar itace tana kumbura a damina ta tsuke a hunturu, don haka a riƙa duba sukurorinta, a ɗaure da sukuddireba da ya yi daidai da tsagarsu.

A zaɓen harsashi a bi abin da aka rubuta a jikin bututu. Harsashin .22 mai tsawo da ake kira Long Rifle, wanda ya fito tun 1887, yana zuwa da gudu iri-iri, kuma tsofaffin bindigogi sun fi zama lafiya da mai gudu na al'ada ko mai ɗan sauri. Masu tsananin gudu suna dukan sakata da ƙarfin da ya wuce kima, kuma a Marlin 60 akwai ɗan matashin roba a bayan sakata da ke bushewa da tsufa ya tsage. Harsashin da ya yi kore ko ya jiƙe ba a harba shi. Idan an danna kunama bai tashi ba, a bar bakin bindiga yana kallon abin bara na daƙiƙa 30 kafin a buɗe. Idan ƙarar ta fito da rauni, a dakata nan take a duba bututu, domin dalma tana iya tsayawa a ciki.

Ƙanƙantar harsashin kada ta yaudari kowa, domin yana iya tafiya fiye da kilomita 2, kuma yana tsalle idan ya bugi dutse ko ƙarfe ko fuskar ruwa. Harbi a cikin unguwa, ko harbi sama ranar Sallah da biki, bai halatta da ita ba. A nemi filin harbi da hukuma ta amince da shi, ko wurin da aka ba da izini mai tudun ƙasa a bayan abin bara, a sa tabarau da abin toshe kunne, a wanke hannu da sabulu bayan an gama saboda dalma.

Akwai gyaran da ba na gida ba ne. Idan bindigar ta harba biyu a danna ɗaya, ko ta tashi da an rufe sakata, ko makullin kariyarta ya daina riƙewa, to ƙarafunan kunama sun cinye, kuma a daina amfani da ita a ranar. Masu walda da tanin Suame, unguwar kanikawa ta Kumasi, gwanaye ne a aikin mota, amma wannan aikin mai gyaran bindiga ne wanda hukuma ta ba izini, kuma a sashen makamai na 'yan sanda ake tambayar inda yake. A kai masa ita babu harsashi, a cikin jaka, tare da lasisinta.