Yadda Ake Kare Tsofaffinmu Daga Faɗuwa a Cikin Gida

Kakarmu Iya ta faɗi ne tsakanin ɗakinta da wurin alwala, a gidanmu na cikin birnin Zariya, tafiyar da ba ta kai taku goma ba. Da asuba ne, babu wuta, ta yi tuntuɓe da dokin ƙofar da ta yi shekaru tana ƙetarawa. Ba ta karye ba, alhamdulillahi, amma tsoro ya shige ta, mu kuma muka ce ta zauna, komai za a kawo mata. A nan muka yi kuskure. Bayan wata uku, tashi daga tabarma ma sai an kama ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Abin da ke riƙe mutum a tsaye shi ne ido, da cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa masu sanar da ƙwaƙwalwa inda aka taka, sai kuma ƙarfin cinya. Tsufa yana rage kowannensu a hankali, shi ya sa za ka ga taku ya gajarce, ƙafa ta koma ja da ƙasa. Amma da yawa daga ciki yana gyaruwa.

Fara da gwada tafiyar tsohon da ke gidanka. Samo kujera mai ƙarfi, ka ja layi a ƙasa nisan mita 3. Tsohon ya zauna, ya tashi, ya taka zuwa layin, ya juyo ya zauna, kai kuma kana gefensa kana duba agogon waya. Idan ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa. Lura ko yana dafa bango, ko juyawa na ba shi wahala. Ka tambaye shi cikin ladabi, don dattijo bai cika faɗin cewa ya faɗi ba: "Baba, cikin shekarar nan ƙafa ta taɓa zame maka?"

Na biyu, tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ka kai wa likita. Maganin barci, da wasu magungunan mura masu sa gyangyaɗi, da na hawan jini, duk suna iya kawo jiri. Kada ka tsayar masa da ko ɗaya da kanka. Akwai kuma jirin da ke zuwa idan mutum ya zabura daga kwance, domin jini bai kai kai da wuri ba. Koya masa ya zauna bakin gado kamar minti ɗaya, ya motsa ƙafafu, sannan ya miƙe. Wanda ya ji kiran sallar asuba ya yunƙura lokaci guda, shi wannan jirin ya fi kamawa.

A duba masa ido. Yanar ido ana cire ta da aiki. Mai ciwon suga kuwa a duba tafin ƙafarsa, don ciwon na kashe jin taɓawa har ya taka dutse bai sani ba.

Sai gidan kansa, kuma nan ne aikin ya fi yawa. Bi hanyarsa ta kullum da ƙafarka, da dare, daga gado zuwa bayi, zuwa zaure. Tsofaffin gidajenmu na cikin ganuwa suna da dokin ƙofa mai tsayi da tsakar gida mai tudu da kwari. Sababbin gine-gine na Samaru da Tudun Wada kuma tayil ne mai santsi, wanda in ruwan alwala ya zuba a kai sai dai Allah ya kiyaye. Shafa wa dokin ƙofa farin fenti don a gan shi. Kankare gansakukar da damina ke bari a bakin rijiya da makwarara. Ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, da wayar caji, da butocin da yara ke yarwa a hanya. Ajiye fitila mai caji kusa da matashinsa, a sa wata a hanyar bayi. A bayin a kafa ƙarfen dafawa, in tsuguno ya gagara a samo kujerar bayi, alwala ma a yi ta a zaune. Silifas ɗin da ya cinye ya tafi. A sayo takalmi mai kama diddige.

Kada ka hana shi motsi, wannan nake roƙonka. Naman ƙafa in ba a aiki da shi ramewa yake yi. Kullum ya tashi daga kujera ya zauna sau 10, ya dafa bango ya yi ɗage sau 10, ya gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya yana riƙe da kujera. Da haka muka dawo da Iya. Nakan ce mata, "Iya, zo ki raka ni zaure," har ta koma shiga maƙwabta barka da kanta. Idan rauni ya yi yawa, sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna koyar da motsin da ya dace da mutum.

Sanda ba abin kunya ba ce. Tsayinta ya zo daidai wuyan hannu idan yana tsaye, a sa mata roba a gindi, ya riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafar mai lafiya, ba na wadda ke ciwo ba. Wanda tsayuwar salla ke sa shi tangaɗi, shari'a ta ba shi damar yi a zaune.

In kuwa ya faɗi, kada a fizge shi a tayar. Tambaye shi inda ke ciwo. Idan ya kasa taka ƙafar, ko ka ga ta gajarce ta karkace waje, mai yiwuwa ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma wannan ba aikin mai ɗori ba ne: a ɗauke shi a kwance zuwa asibiti a yi hoto. Haka idan ya bugu a kai, ko ya yi amai, ko maganarsa ta rikice, ko da bayan kwanaki ne.