Babbar kyamarar fim a Yamai: kurakuran da masu farawa suka fi yi, da yadda ake gyara su

Babbar kyamara, irin wadda ake girkawa bisa ƙafa uku mai hoto ya lulluɓe kansa da zane, ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Da irinta Seydou Keïta ya yi aiki a Bamako, inda ya buɗe studiyonsa a 1948, yana ɗauka a kan fim mai santimita 13 da 18, kuma har yau in ka dubi hotunansa sai ka ga saƙar zanen da matan suka ɗaura sarai. Ganin matasa a Yamai suna sha'awar komawa ga wannan aiki yana faranta mini rai ƙwarai. Matsalar ita ce takardun bayanin da ke zuwa da fim da magungunan wanki an rubuta su ne don ƙasashen da ruwan pampo ke fitowa da sanyi, iska kuma babu ƙura. Wanda ya bi su ido rufe a nan, zafi da ƙura za su cinye masa fim kafin ya ga hoto ɗaya mai kyau.

Kuskuren yakan fara tun wajen sayen kaya. Mutum ya juye duk abin da ya tara a kan kyamara mai suna, sai ya rasa na fim. Alhali babbar kyamara akwati ce kawai wadda haske ba ya shiga: ido, wato gilashin da ke jefa hoto, a gaba, gilashin dubawa a baya, zugazugi a tsakani. Tsohuwar Crown Graphic, wadda aka yi ta ƙerawa a Amurka daga 1947 zuwa 1973, ko Intrepid ta katako da ake yi a Ingila, kowacce ta wadatar. Ka fara da girman inci 4 da 5, don shi ne fim ɗinsa ya fi samuwa, da ido guda mai milimita 150. Kafin ka ba da kuɗi, ka ja zugazugin har ƙarshe cikin ɗaki mai duhu, ka sa tocila a ciki, ka bi kowace kusurwa da kallo. Zafinmu yana busar da fatar zugazugi har ta tsage a wajen naɗi, kuma huda kamar ta allura ta isa ta ɓata hoto. Ka kuma saita ƙyauren idon, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, a kan daƙiƙa ɗaya ka kasa kunne: in ƙarar tana tafiya tana tsayawa, man da ke ciki ya daskare, sai an wanke.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu, da yake kayanmu da yawa daga Faransa suke zuwa. Shasi, wato gidan da ake zura fim a ciki, na santimita 9 da 12 da na inci 4 da 5 girmansu ɗaya ne daga waje, duka suna shiga kyamara ɗaya, amma cikinsu ya bambanta. Fim ɗin wannan ba ya zama a wancan. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin shasi kafin ka yi odar fim.

Zura fim a cikin duhu

Kowane falle na fim yana da ƴan tsage-tsage a kusurwa ɗaya, don yatsa ya gane fuskarsa a duhu. Ka riƙe fallen a tsaye, tsagar tana sama ta hannun dama: to fuskar da ke karɓar haske tana kallonka, kuma ita ce za ta kalli murfin shasi. Ka zura shi ƙarƙashin siraran layukan nan biyu na ciki, sannan ka ɗan ɗaga bakinsa da farce. In ya taso, bai shiga layi ba, kuma yana iya faɗawa cikin zugazugi da zarar ka zare murfi. Ka sadaukar da falle ɗaya, ka yi ta gwaji da shi a cikin haske, sannan da ido rufe, har hannu ya saba. Ba asara ba ce, shi ne fallen da ya fi kowanne amfani a kwalin farko.

Jakar duhu da ake zura hannuwa a ciki, a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ta da daɗin aiki. Cikin ɗan lokaci gumi zai jiƙa yatsu, fim ya manne, shatin yatsa ya zauna a hoto har abada. Gara banɗaki da dare, a toshe taga da ƙasan ƙofa. Ka zauna a ciki minti 10 tukuna. In bayan ido ya saba kana ganin tafin hannunka, ɗakin bai yi duhu ba. A lokacin hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, ka kashe fanka, ka share cikin kowane shasi da burushi mai laushi, in ka gama ka sa shi a leda mai zif. Ƙwayar ƙura da ta zauna a kan fim kafin ɗauka tana fitowa baƙin ɗigo a hoto, kuma gyaranta wuya gare shi.

Murfin shasi yana da baki fari a gefe ɗaya, baƙi a ɗayan. Fari a waje, ba a ɗauka ba. Baƙi a waje, an ɗauka. Wanda bai riƙe wannan ba zai ɗora hoto biyu a falle ɗaya.

Wajen ɗauka

Hoton da ke kan gilashin dubawa a kife yake, dama kuma ta koma hagu. Kyamarar ba ta lalace ba, haka ido ke jefa hoto, kuma ana sabawa. Abin da ya fi ƙona fim shi ne manta rufe ƙyaure. Ka buɗe ido don ka saita, ka fito daga ƙarƙashin zane, ka sa shasi, ka zare murfi ido yana buɗe: fallen ya tafi ke nan. Maganinsa jeri ɗaya da ba ya sauyawa. Ka saita da gilashin ƙara girma, ka ɗaure duk kusoshi, ka rufe ƙyaure, ka rage ƙofar haske zuwa f/22 ko abin da ma'aunin haske ya nuna, ka ɗana, ka harba sau ɗaya a banza don ka tabbata ya rufe, ka sake ɗanawa, sai ka sa shasi. Ka bar zanen a kan bayan kyamara yayin da kake zare murfi, don ranar Yamai tana samun hanya ta bakin tsohon shasi. Zanen ma kowane tela zai ɗinka maka: baƙi a ciki, fari a waje, don kada kanka ya dahu.

Karkatar da ido da goce shi sama ko gefe su ne daɗin wannan kyamara, amma ka bar komai a miƙe har ka gama kwalin farko. Abu biyu ne ma'aunin haske ba zai faɗa maka ba. In ka matso kusa da abu, zugazugi ya yi tsawo, hasken da ke kaiwa ga fim yana raguwa. In abin zai fito da ainihin girmansa a fim, sai ka ninka haske sau huɗu. Sannan in lokacin ɗauka ya wuce daƙiƙa ɗaya, fim yana yin nauyin ji. A fim ɗin HP5 Plus, abin da ma'auni ya ce daƙiƙa 10 yana bukatar wajen 20, Fomapan 100 kuwa ya fi haka nesa. Mai son ɗaukar bakin kogi da magariba ya riƙe wannan. In kuma iska ta taso, zugazugi yana rawa hoto ya yi dishi-dishi. Ka tsaya ta inda take busowa ka kare kyamarar da jikinka.

Wankin fim, inda zafi ya fi yin ɓarna

Lokutan da ke rubuce a kwali na ruwa mai digiri 20 ne. Ruwan pampo a bazara, musamman wanda ya wuni cikin tanki a saman soro, yana wuce 30. Wanda ya zuba maganin fiddo hoto a wannan zafi ya kuma bi lokacin kwali zai sami nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, baƙi ƙirin, farar riga ta toshe, fuskar fim ta yi laushi har farce na iya kwasarta. Wasu su ce to a rage lokaci, sai ya faɗo ƙasa da minti 5, maganin bai game falle daidai ba, sararin sama ya fito da dabbare-dabbare.

Abin da nake ba da shawara shi ne ma'aunin zafi da ƙanƙarar leda daga shagon unguwa. Ka cika baho da ruwa, ka jefa ƙanƙarar da ledarta, ka jera kwalabe uku a ciki: na fiddo hoto, na tsayarwa, da fiksater mai zaunar da hoto, tare da jarkar ruwan ɗauraya. Ka tsoma ma'aunin cikin kwalbar maganin kanta, ba cikin bahon ba, kana motsawa, har ya sauka. Ba dole sai 20 ba. 24 ya fi sauƙin riƙewa a nan, kuma fim yana jure shi lafiya. Kusan kashi 10 cikin 100 ake ragewa a lokaci kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. HP5 Plus a maganin fiddo hoto na ID-11 da aka sirka da ruwa rabi da rabi minti 13 ne a digiri 20, wajen minti 9 a 24. Sirkawar nan ita ce ke ba ka lokaci mai tsawo da za ka iya sarrafawa. Tankin wankin fim ma ya zauna cikin bahon tsakanin juyi da juyi, in ba haka ba zafin ɗaki da na hannunka za su ɗaga shi. Kada ka fiddo fim daga ruwan sanyi ka kai shi ƙarƙashin pampo mai zafi kai tsaye, fuskarsa tana iya yamutsewa kamar ƙasar fadama da ta bushe.

Wanki a faranti cikin duhu ya fi arha, amma falle yana karce ɗan'uwansa, don haka mai koyo ya wanke ɗaya-ɗaya, fuska a sama. Tanki irin SP-445 yana ɗaukar huɗu da ƙasa da rabin lita, kuma da zarar ka rufe shi sai ka kunna wuta. Game da magani, na gari irin ID-11 ko D-76 ya fi sauƙin aikowa, sai dai bayan an dama shi wata shida yake yi a cikakkiyar kwalba, wata ɗaya zuwa biyu in ta yi rabi. Rodinal, wanda aka ƙirƙiro tun 1891, yana shekaru bai mutu ba.

Bushewa kuma ba a fanka ba, ba a tsakar gida ba. Ka rataya fallen ta kusurwa ɗaya a banɗakin da ka jiƙa, ka ja ƙofa, kada ka leƙa sai ya bushe.

Fim ɗin da bai shiga aiki ba ya zauna a firigo cikin leda, kuma in ka fiddo shi ka bar kwalin a rufe kamar awa biyu, kada raɓa ta sauka a kansa. In wani zai riƙo maka daga waje, ka roƙe shi kada ya sa a jakar da ake aunawa a kai ɗakin kaya na jirgi, domin na'urar binciken can ta fi ƙarfi, kuma ka rubuta da Faransanci a jikin kwalin cewa ba a buɗe shi a haske. Kafin fim ya iso kana iya koyo da takardar buga hoto: a yanka ta daidai shasi a ƙarƙashin jar fitila, a saita ma'aunin haske a kan ISO 3 zuwa 6, wato lambar saurin karɓar haske, a wanke kana kallo.

Ka sa wa kowane shasi lamba, ka rubuta abin da ka yi da shi, domin nagatif yana nuna inda aka kuskure. In ya fito fayau babu komai, ba a zare murfi ba, ko ƙyaure bai harba ba, ko an zuba fiksater kafin maganin fiddo hoto. In hoton ya yi rauni ƙwarai alhali awon haske daidai ne, ka duba ko an zura fim a baibai. Baƙin zirin da ya taso daga gefe ɗaya haske ne ya kutsa, lambar za ta nuna maka shasin da za ka ware. In kuwa ka ga fari-fari kamar madara, fiksater ne ya gaji: ka dama sabo ka mayar da fallen ciki na minti 5, ka sake ɗauraya, zai washe.