Ɗaura batirin litiyam a ƙaramin jirgin haɗin hannu: yadda nake yi a Riyad

Batirin darma irin Odyssey PC680, wanda ake yawan gani a ƙananan jiragen da masu su ke haɗawa da kansu, yana kai kilo 7. Takwaransa na litiyam, EarthX ETX680, bai cika kilo 2 ba. Rarar kilo biyar ɗin nan ce ke kawo masu jirage daga filin jirgi na Thumama, arewa da Riyad, su ce a canja musu. Ga ɗan'uwa mai aikin wayarin da ya saba da motoci a Sina'iyya, unguwar makanikai ta Riyad, in irin wannan aiki ya faɗo hannunka, kada ka fara da kwance noti. Fara da tambayar abin da ke cajin batirin.

Litiyam iri-iri ne. Wanda ya kama da wuta a jirgin Boeing 787 a Boston cikin Janairun 2013, har aka dakatar da irin jiragen gaba ɗaya na wata uku, mai sinadarin kobalt ne. Mu wanda muke sawa shi ne LiFePO4, mai ƙarfe da fosfet, wanda ya fi jure zafi nesa ba kusa ba. In ba ka ga waɗannan haruffa a jikin batir ba, mayar wa mai shi. Ɗakuna huɗu ne a ciki, kowanne bolt 3.2, jimilla wajen 12.8. Dole kuma ya kasance da na'urar tsaro ta ciki, BMS, mai daidaita ɗakunan da yanke wuta in abu ya wuce gona da iri.

A kula da lambar ƙarfi. Wasu batiran babur sukan rubuta abin da suke kira daidai da na darma, ka ga amfiya-awa 18 ɓaro-ɓaro a kwali, alhali ainihin abin da ke ciki bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Zai tada inji, ba musu. Amma tambayar da ta shafi rai ita ce: in altaneta ta mutu a sama, minti nawa zai riƙe rediyo, allon tuƙi da famfon mai? Tara abin da kayan nan ke ci. In amfiya 8 ne, batir mai ainihin amfiya-awa 12 zai ba ka kamar awa ɗaya da rabi a takarda, ni kuma awa ɗaya nake lissafawa, don batir yana tsufa.

Nan ne halin litiyam ya sha bamban. Na darma yakan yi ta gajiya a hankali, ka ga allura tana sauka, ka san lokaci ya yi. Na litiyam yana tsaye kusa da bolt 13 har ya kusa ƙarewa, sannan BMS ta yanke, ɗif, kamar an ɗauke wutar Nefa ana tsakiyar cin tuwo. Injin Rotax 912 mai kafireta bai damu ba, domin tartsatsinsa daga jikin injin yake fitowa. Amma injin da tartsatsinsa ko feshin mansa ya dogara da batir, wannan sai an yi masa madogara ta biyu, ko ƙaramin batir ko ƙarin altaneta. Ba na amsar aikin in mai jirgi ya ƙi.

Sai caji. Litiyam yana zuƙar duk abin da altaneta ta ba shi, shi ya sa kamfani ke rubuta iyakar girman altanetar da kowane batir zai ɗauka. Ta cikin Rotax 912 wajen amfiya 20 ce, babu damuwa. Mai injin Lycoming da altaneta 60 kuwa, ya duba takarda da kyau. Regileta ta riƙa ba da tsakanin 13.8 da 14.6, kuma a sa kariyar da za ta kashe altaneta in wuta ta haura. Dalili: idan regileta ta lalace, BMS za ta cire batir don kare kansa, sai haurarriyar wutar ta zube kan rediyo da allo. A ƙasa kuma, kada cajar mota mai bugun wanke batirin darma ta kusance shi. Sayi tasa.

Zafin Riyad ba wasa ba ne. A Yuli ana haura digiri 45 a inuwa, jirgi kuma ya sauka an kashe inji, iska ta tsaya, cikin murfin injin ya zama wani abu dabam. Yawancin batiran nan iyakarsu wajen digiri 60 ne. In a gefen inji za ka ɗaura, nisanta shi da salansa, sa masa garkuwar zafi, ka jawo masa ɗan bututun iska. In a ɗakin matuƙi ne, nemi samfurin da ke da bututun fitar da hayaƙi, ka kai bakinsa wajen jirgi. Ni na fi son wannan na biyu a ƙasarmu ta rana.

Wajen ɗaurawa, cire zobe da agogo, ka naɗe sufana da tef, don wutar da batirin nan ke saki in kawunansa suka haɗu tana narka ƙarfe. Kwance wayar nagatif da farko, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Sabon batir ya fi tsohon ƙanƙanta, to a cike gurbin akwatin da soso mai tauri, a ɗaure shi yadda ba zai motsa ba ko an girgiza. Babban makunnin batir ya zauna kusa da shi, waya gajera, kan fozitif a rufe da roba. Siririyar wayar fitilar gargaɗi da ke fitowa daga batir, wadda wasu ke naɗewa su bari tana lilo, kai ta gaban matuƙi.

Abin da aka fi mantawa shi ne daidaiton nauyi. Ɗauki jirgi mai kilo 300 wanda batirinsa ke can wutsiya, mita biyu bayan cibiyar nauyi. Rage kilo biyar a wurin, cibiyar ta matsa gaba da fiye da santimita uku, kuma sau da yawa don daidaito ne maƙerin ya kai batirin can tun farko. A hau sikeli, a sake lissafi, a rubuta a littafin jirgi, mai shi kuma ya tuntuɓi GACA, hukumar sufurin jiragen sama ta Saudiyya, kan abin da take buƙata.

Kada ka ce wa ɗan'uwa mai zuwa Umara ya riƙo maka batir a jaka. Duk wanda ya haura wat-awa 160 ba ya shiga kayan fasinja, sai ta kamfanin dako mai izinin kaya masu haɗari.

Gwajin ƙarshe a ƙasa ake yi. Tada inji, ka zuba wa ma'aunai ido: amfiya za ta tashi sama da farko, ta sauko cikin 'yan mintoci, bolt ya zauna kusa da 14. Kunna duk kayan wuta, ka kashe altaneta, ka duba agogo ka ga ko lissafin takardarka ya yi daidai. Maimaita gwajin nan duk shekara, musamman bayan bazara.