Kurakuran da ke hana 'ya'yan awaki ruwa biyu girma

Masu kiwo da yawa a Katsina da Daura sun koma haɗa jar akuya da bunsurun Sahel mai dogayen ƙafafu, wasu ma da Boer, irin Afirka ta Kudu. Ɗan da aka haifa yakan fi na gida tsawo da faɗin ƙirji, amma sai an kauce wa wasu kurakurai.

Babban cikinsu shi ne sa wa ƙaramar akuya ƙaton bunsuru. Jar akuya takan haifi ɗa mai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, na Boer kuwa yakan kai uku ko huɗu. Idan uwar haihuwar fari ce, ƙugunta bai buɗe ba, kan ɗan ya maƙale, a rasa ɗa, wani lokaci har da uwa. A zaɓi wadda ta taɓa haihuwa lafiya, mai faɗin ƙugu da cikar hantsa. Budurwar akuya kada a bari a barbare ta kafin wata 10.

Sai yunwa. Ana sayen bunsuru mai tsada a kasuwar Mai'adua ko Charanchi, a bar uwar tana tsintar kara a bola. Cikin akuya kwana 150 ne, kuma a makonni shida na ƙarshe ɗan ke yin mafi yawan girmansa. A lokacin a ƙara mata harawa da kowar wake, da dusa kamar cikin hannu biyu safe da yamma, da ruwa mai tsabta. Ɗan ya sha dakashi a sa'o'in farko, a shafa wa cibiyarsa aidin. Daga mako na biyu a ajiye masa harawa mai laushi a inda manya ba sa kaiwa, kada kuma a yaye shi kafin wata uku. Ɗan ruwa biyu ya fi na gida buƙatar abinci, idan ya rasa za ka gan shi da dogon ƙashi, babban ciki, gashi a tashe.

Wannan babban cikin sau da yawa tsutsa ce, musamman da damina, kuma jinin waje bai kai jar akuya juriya ba. A auna nauyi kafin a ba da magani, a rataya ɗan a buhu a jikin sikeli. Allurar rigakafin PPR, ciwon zawo da majina, a yi ta da ya kai wata huɗu.

Wanda ya fi ɓata garke a ɓoye shi ne barin bunsuru ya hau 'ya'yansa, ko 'yan uwa su hau juna. Ƙarfin girman ruwa biyu a 'ya'yan haɗin farko ya fi fitowa, daga nan yana raguwa. A ware 'yan bunsuru tun suna wata uku, a dandaƙe waɗanda ba za a bari ba, a canza uban garke kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.