Zuwa Chaha da Hawan Kibo daga Legas: yadda za ka sayo kayan marmari su iso lafiya

Da yawa daga cikin kabeji, karas da dankalin turawan da ake saukewa a kasuwar Mile 12 ta Legas daga tsaunukan Filato suke fitowa. Mai son ganin tushensu, ya kuma ɗanɗana sitiroberi a bakin gona, sai ya nufi ƙauyen Chaha kusa da Vom, a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu.

Ka fara da zaɓen lokaci. Sitiroberi ɗan sanyi ne, an fi samunsa daga Disamba zuwa Maris. Da damina dankali da kabeji za ka fi tararwa, ga hanyoyin gona sun yi laka. Yankin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka sanyin hunturunsa ya wuce duk abin da mazaunin Agege ko Idi-Araba ya saba da shi. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, da safa, da man shafawa.

Tafiyar mota ta kai kimanin kilomita 1,000: Ibadan, Lokoja, Abuja, Keffi, Akwanga, sannan Hawan Kibo. Ka raba ta biyu, ka kwana a Abuja ko Keffi, ka hau tudun da rana. Yankin Riyom, inda Hawan Kibo yake, ya sha fama da rikici, saboda haka ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ka tashi. Mai hali ya hau jirgi zuwa filin Yakubu Gowon da ke Heipang. In da motarka za ka, a duba maka birki da ruwan lagireto tun a Legas. Wajen gangarowa ka sa ƙaramar giya. Taka birki ba sassauci yana sa shi ya yi zafi ya daina kamawa, kuma haka manyan motoci ke ƙwacewa a wannan gangare.

A Chaha ka isa da sassafe, kafin rana ta taɓa 'ya'yan. Kada ka faɗa gonar mutum ba sallama. Ka ce "Sannu da aiki, Mama" ko "Baba, barka da hantsi", ka nemi izini kafin ka tsinka ko ka ɗauki hoto. Mutanen wurin Birom ne, amma Hausa ta wadatar. Ka riƙe tsabar kuɗi, domin turawa ta waya takan maƙale.

Wajen saye ne ake yin asara, kuma abin takaici ne a ga kaya masu kyau sun zama ruwa kafin Lokoja. Sitiroberi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, to ka zaɓi wanda ya yi ja har wuya, mai tauri, da koren ganye a kansa. Kada ka wanke shi sai za a ci, domin danshi ke kawo ruɓa. Ka jera shi a faffaɗan mazubi mai huji, hawa biyu kawai, da takarda a ƙasa, ka sa a kula mai ƙanƙara ba tare da ƙanƙarar ta taɓa shi ba. In ba kula, kilo 1 ko 2 na ci a hanya ya isa.

Piya kuwa akasin haka ce: ka ɗauki mai tauri, za ta nuna cikin 'yan kwanaki. Ka raba ta da ayaba, domin iskar da ayaba ke fitarwa tana gaggauta nunar abin da ke kusa da ita.

Sayayyar bakin titi a Hawan Kibo ka bar ta sai ranar dawowa. Ka faka nesa da kwana, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya. Ka roƙi a juye maka kwandon dankali a gabanka, tunda manya a sama ake jerawa. Wanda ya yi kore rana ce ta buge shi, yana da ɗaci kuma yana ɓata ciki. Ka zuba shi a buhu mai shan iska, ba leda ba, dankali a ƙasa, kabeji da karas a kai, kular sitiroberi kuma a cikin mota inda akwai inuwa, ba a but ba.