Yadda ake rajistar hayar gida a Ejar ba tare da an cuce ka ba

Tun da aka fara rusau a tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Karantina da Gulail da Sabil, Hausawa da yawa suka bar gidajen da ake haya da baki suka koma benaye masu takarda. A nan kuwa maganar baki ba ta aiki. Gwamnatin Saudiyya ta buɗe manhajar Ejar ta rajistar yarjejeniyar haya a 2018, yanzu tana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidaje da Filaye, kuma yarjejeniyar hayar da ba a shigar a cikinta ba kotu ba ta ɗaukar ta da ƙarfin doka.

Kafin ka je ofishin dillali, duba iƙamarka, wato katinka na izinin zama. Dole ta kasance da sauran kwana, kuma lambar wayar da ke kan Absher ɗinka (manhajar ayyukan gwamnati) ta kasance a hannunka, domin can saƙon amincewa zai zo, shiga Ejar kuma ta Nafath, manhajar tabbatar da shaidarka, ake yi. Nan ne aka fi maƙalewa: mutum ya sauya layi shekara biyu da suka wuce, bai gyara a Absher ba.

Shi kuma mai gida zai kawo lambar sakk, wato takardar mallaka, da lambar asusunsa ta IBAN, da adireshin ƙasa na ginin, da lambar mitar wuta. Idan wakili ne ya zo a madadinsa, sai ya nuna wakala, wato takardar wakilci, mai aiki. Ka tsaya a kan wannan. Wanda ya ce maka gidan na "kafilinsa" ne, ko shi ma haya yake zai sakar maka ɗaki biyu, ba zai iya yi maka rajista ba sai yarjejeniyarsa ta ba shi izinin bayar da haya. In ba haka ba, ranar da mai gida na ainihi ya zo, ba ka da abin nunawa.

Dillalin ma a tambaye shi lasisin Fal, wato lasisin dillancin gidaje. La'adarsa kashi 2.5 cikin 100 ne na kuɗin shekarar farko, sai dai in an rubuta wani abu daban. Kuɗin rajista na gidan zama riyal 125 ne a shekara, kuma a kan mai gida yake, duk da cewa wasu na ƙoƙarin ɗora wa ɗan haya.

Bayan dillali ya shigar da bayanai, saƙo zai shigo wayarka. Kada ka danna amincewa a tsaye a bakin ofis. Zauna ka karanta: adadin kuɗin shekara, sau nawa za a biya (wata-wata, wata uku, wata shida ko gaba ɗaya), ranar farawa da ta ƙarewa, lambar ɗaki da hawa, wanda zai biya ruwa da wuta, da kuɗin ajiya na lamuni. Dalilin wannan tsanani shi ne, yarjejeniyar Ejar kanta hujja ce ta zartarwa. Mai gida ba ya buƙatar doguwar shari'a. Zai shiga Najiz, shafin Ma'aikatar Shari'a, ya kai ta Kotun Zartarwa, a ba ka kwana 5 ka biya, in ka gaza a iya rufe asusunka a hana ka fita ƙasar. Idan an rubuta riyal 18,000 alhali 15,000 kuka yi magana, 18,000 alƙali zai gani. In ka ga kuskure, ka ƙi amincewa, dillali ya gyara ya sake turowa.

Ranar karɓar makulli a cike takardar karɓa da miƙawa da ke cikin manhajar. A rubuta yanayin na'urar sanyaya ɗaki, famfo, ƙofofi da abin da mita ta nuna, a ɗauki hoto. Da ita za a yi lissafin kuɗin ajiyarka ranar tashi.

Sai biyan kuɗi. Daga 15 ga Janairu 2024, sabbin yarjejeniyoyin gidan zama ta Ejar ake biyan su, da katin banki na Mada ko ta tsarin biyan kuɗi na SADAD a lamba 153. Kuɗin da ka miƙa wa mai gadi a hannu, ko ka tura asusun ɗan mai gida, manhajar za ta ci gaba da nuna ana bin ka shi, ko da kuna gaisawa kullum a masallaci.

Game da tashi, tun Satumba 2025 yarjejeniya tana sabunta kanta idan babu wanda ya sanar da ɗan'uwansa aƙalla kwana 60 kafin ta ƙare. Ka sa ranar a wayarka tun yau, ka kuma yi sanarwar ta cikin manhajar. A Satumbar 2025 ɗin ne aka hana ƙarin kuɗin haya na shekara 5, amma a cikin birnin Riyad aka sanar da shi, don haka mazaunin Makka ko Madina ko Jidda ya nemi a rubuta masa kuɗin shekara ta biyu tun a yarjejeniyar farko.