Yadda za ka kula da fursuna mai nakasa in aikin lafiya ya kai ka gidan yari

In an tura ka asibitin gidan yari, ko kai likita ne ko nas ko ɗan fisiyo, ka sa a ranka cewa nakasar da ido ke gani ita ce mai sauƙi. Wanda ya shigo kan keken guragu ai kowa ya gan shi. Wahalar tana wajen kurman da bai ji kira ba lokacin ƙirga fursunoni aka ce taurin kai ne, da mai ƙarancin fahimta da aka karanta masa dokoki sau ɗaya ya ce to alhali bai gane komai ba, gobe ya karya doka a hukunta shi. Irin waɗannan za ka nemo tun daga bakin ƙofa.

Saboda haka gwajin ranar shigowa kar ka yi shi da gaggawa. A cikin Dokokin Nelson Mandela, wato dokokin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, doka ta 30 ta ce ma'aikacin lafiya ya ga kowane fursuna da wuri bayan an kawo shi. Kar ka ce masa "kana da nakasa?" don kusan kowa a'a zai ce maka, wani kunya wani kuma tsoron a raina shi a ɗaki. Ka tambaye shi yana iya tsugunawa a banɗaki, yana iya hawa bene, yana jin magana in wuri da hayaniya, wa ke taimaka masa wanka a gida, wane magani yake sha kuma yaushe rabonsa da shi. Ka miƙa masa takarda ka ga yadda zai yi da ita. In ka gama bayani ka ce ya maimaita maka da bakinsa, a nan ne za ka gane wanda gyaɗa kai kawai yake yi. Ka kuma tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, kwanakin farko su ne mafi haɗari, kuma tambayar ba ta sa mutum ya aikata.

Sai maganar kayansa. Sau da yawa ana karɓe sanda ko tabarau ko na'urar ji a wajen bincike wai don tsaro, mutum ya zauna kwana da kwanaki ba ya ko iya zuwa karɓar abinci. Ka rubuta a fili cewa wannan kayan lafiya ne, in ma ganduroba na da dalilin tsaro na gaskiya to a nemo madadi ranar, kar a ce sai wani sati. Doka ta 5 na bayanka, ta ce dole a yi gyaran da ya dace don mai nakasa ya samu abin da sauran ke samu. Batirin na'urar ji ma ka sa shi cikin lissafi, ƙaramin abu ne amma shi ake mantawa.

Mai farfaɗiya gadon ƙasa za a ba shi in gadon mai hawa biyu ne, kuma maganinsa kar ya yanke ko na kwana ɗaya, yankewar ce ke tayar da ciwon. Ka koya wa gandurobobi da abokan ɗakinsa in ta tashi a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa komai a baki, in ta wuce minti 5 a kira ka da gudu. Wanda ƙafafunsa suka shanye kuwa gyambon kwanciya ne abin tsoro, a riƙa juya shi kamar duk awa 2, kai kuma ka duba ƙugu da ɗuwawu da diddige da idonka, don shi ba ya jin zafin wurin balle ya faɗa maka.

Kurma kuma don Allah kar ka ɗauko wani fursuna ya yi maka tafinta a ɗakin duba marasa lafiya, kafin yamma sirrinsa ya zagaye gidan. A nemo mai yaren kurame daga waje, in babu ku yi da rubutu ko zane. Haka fayil ɗinsa, ganduroba abin da zai yi kawai yake buƙatar sani, misali "ka tsaya gabansa in za ka yi masa magana", sunan ciwon ba ruwansa da shi.

Inda aikin ke da ɗaci shi ne ranar da za a kawo maka mutum a ce ka sa hannu cewa zai iya jure ɗakin kaɗaici. Doka ta 46 ta ce ma'aikacin lafiya ba shi da hannu a yanke horo, ta 45 kuma ta hana kulle mai nakasar jiki ko ta ƙwaƙwalwa shi kaɗai in hakan zai ƙara masa ciwo. Kar ka sa hannun. In an riga an kulle shi ka je ka gan shi kullum, ka rubuta wa shugaban gidan abin da ka gani, da kwanan wata.

Shirin fita kuma tun saura makonni ake fara shi, wanda ke jiran shari'a ma ana iya sakinsa daga kotu ba tare da ka sani ba, don haka takardar bayanin ciwonsa da sunan magungunansa su zama a shirye kodayaushe. Ka haɗa shi da asibitin da zai ci gaba da zuwa, ka ba shi maganin da zai kai shi ranar ganin likita, kuma ka tabbatar keken ko sandar da yake amfani da ita a ciki ba za a karɓe a bakin get ba sai an samar masa tasa.